Taswirar Sufurin Garin Bauchi: Inda Salon Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa Yake Aiki da Inda Yake Karyewa

Aikin da ke kan tebur takarda ce guda ɗaya, wadda za ta nuna wa baƙo da ɗan gari hanyoyin da kekunan Napep da ƙananan bas-bas ke bi a cikin Bauchi. Ana so a manna babba a tasha, a kuma buga ƙarama da za a naɗe a sa aljihu. Duk inda aka zauna kan irin wannan aiki, kafin a ja layi na biyu wani zai ce, "A yi mana irin ta Landan mana." Yana nufin taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa, mai miƙaƙƙun layuka kala-kala da tashoshi jere reras.

Bauchi ba ta da jirgin ƙarƙashin ƙasa. A duk Afirka Alƙahira ce ta fara samunsa a 1987, Aljiyas ta biyo baya a 2011, jiragen cikin gari na Legas da Abuja kuwa a kan ƙasa ko kan gada suke tafiya. Amma a ramin jirgin ne sana'ar zana taswirar sufuri ta girma, don haka duk wanda zai zana wa Bauchi tata sai ya san abin da waccan taswira ta zubar kafin ta yi kyan da ake sha'awa.

Abin da Landan ta zubar

An buɗe layin farko na ƙarƙashin ƙasa a Landan a Janairun 1863. Shekaru da dama taswirorinsa suna bin fasalin gari: tashoshin tsakiya a cunkushe har sunaye na hawa kan juna, na bayan gari kuma a warwatse suna cinye takarda. A 1931 wani ma'aikacin zane mai suna Harry Beck ya kawo wani zubi dabam. Ya kumbura tsakiya, ya tsuke gefe, ya daidaita tazarar tashoshi, ya kuma hana kowane layi tafiya sai a tsaye, ko a kwance, ko a karkace da digiri 45. Daga abin da ke saman ƙasa kogin Tamis kawai ya bari. Da farko an ƙi karɓa, sai a 1933 aka buga.

Hujjarsa mai ƙarfi ce. Wanda ke cikin rami ba ya ganin titi. Abu uku kawai yake buƙata: layin da zai hau, inda zai canja, da inda zai sauka. Tashoshin kuma kafaffu ne, jirgi ba ya tsayawa a tsakani don wani ya ɗaga hannu.

Illar wannan zubi ta bayyana ne a lokacin da mutane suka fara ɗaukar taswirar jirgi a matsayin taswirar gari. Tsakanin tashoshin Leicester Square da Covent Garden bai wuce mita 260 ba, amma baƙi na sauka rami su jira jirgi don tafiyar da ƙafa za ta gama cikin mintuna kaɗan. Queensway da Bayswater a titi ɗaya suke, kusa da juna, amma a takarda suna kan layuka dabam-dabam, wanda bai san gari ba sai ya hau jirgi biyu. Binciken da Zhan Guo na Jami'ar New York ya wallafa a 2011 ya gano cewa tsawon layi a kan takarda ya fi ainihin lokacin tafiya tasiri wajen zaɓen hanya, har wajen ninki biyu. Wato ko wanda ya saba da hanyar yana gaskata takarda fiye da abin da ya gani da idonsa.

Hukumar sufurin Landan ba ta jefar da zubin Beck ba, sai dai ta yi ta toshe ɓarakarsa. A 2009 ta cire kogin don rage cunkoso, jama'a suka yi ca, aka mayar da shi cikin 'yan watanni. A 2014 wani ya yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ya sa ta fito da taswirar da ma'aikatanta ke amfani da ita, mai bin ainihin fasalin ƙasa. A 2015 ta buga wata mai nuna mintunan tafiyar ƙafa tsakanin tashoshi. New York kuwa ta fi shan wahala: zubin Massimo Vignelli na 1972 ya mai da babban lambun tsakiyar birnin kusan murabba'i, alhali tsawonsa ya ninka faɗinsa sau biyar, ya kuma shafa wa ruwa launin ƙasa. A 1979 aka sauke shi aka koma mai bin gari, sai a 2025 aka sake komawa salon zane.

Fasalin Bauchi da yadda ake tattara bayanai

Bauchi gari ne mai cibiya da rassa. A tsakiya akwai tsohon gari na cikin ganuwa, da fada da ƙofofinsa, sai kasuwannin Wunti da Muda Lawal da babbar kasuwa. Daga nan manyan hanyoyi biyar ke fita: ta Jos, ta Dass wadda ke ɗauke da Yelwa da Gwallameji, ta Ningi da Kano inda Gubi da filin jirgin sama suke, ta Maiduguri, da ta Gombe. Da gani wannan fasali ya dace da salon Beck, shi ya sa yake da ruɗi.

Babu jadawalin da za a kwafa, sai an hau keken an bi. Nairobi ta yi irin wannan: ɗaliban jami'arta, tare da masana daga jami'o'in Amurka biyu, sun hau matatu, wato ƙananan bas-bas na hayar garin, da wayoyi a hannu, aka fitar da taswira a 2014. Kayan aikin ba su da tsada. Waya mai GPS da manhaja irin OsmAnd don ɗaukar sawun hanya, fom ɗin KoboToolbox don rubuta bayanin kowace matsaya, sai QGIS, manhajar zana taswira, a kwamfuta, dukkansu ana samunsu kyauta.

Kurakuran wannan mataki ƙanana ne amma suna bin aikin har ƙarshe. Na farko shi ne tazarar ɗaukar ɗigo, wato duk bayan daƙiƙa nawa waya ke rubuta inda take. Keken da ke gudun kilomita 30 a awa yana cin mita takwas da ɗoriya kowace daƙiƙa. In aka bar manhaja tana ɗauka duk bayan daƙiƙa goma, tsakanin ɗigo da ɗigo ya haura mita 80, sai sawun ya yanke shataletale ya ratsa ta cikin shaguna. A saita shi kan daƙiƙa ɗaya ko biyu. Na biyu, GPS na waya kan yi kuskuren kimanin mita biyar a fili, ya fi haka a ƙarƙashin rumfunan kwano na kasuwa, don haka ba ya iya tabbatar da ko matsaya tana wannan hannun titi ko wancan. Mai ɗauka ne zai rubuta da kansa. Na uku shi ne haɗa tsofaffin taswirorin safiyo da sawun waya ba tare da juya ma'auni ba. Tsofaffin suna kan ma'aunin Minna, waya kuma tana kan WGS 84, bambancinsu gomman mitoci ne, ya isa ya ɗora titi a kan gidajen mutane. A juya komai zuwa ma'auni ɗaya, wato UTM shiyya ta 32 ta arewa, wadda Bauchi ke ciki, tun kafin a fara awo.

Wani abin da ke tayar da hankalin masu zane a Turai mu bai dame mu sosai ba. Shimfiɗar taswirar intanet tana kumbura nisa gwargwadon yadda wuri ya yi nesa da layin da ya raba duniya kudu da arewa. A Landan kumburin ya kai kashi 60 cikin ɗari, a Bauchi da ke kan digiri goma bai kai kashi biyu ba.

Kowace hanya a bi ta aƙalla sau uku zuwa da dawowa, a lokuta dabam-dabam: safiya, la'asar, da bayan isha'i. A ware Juma'a, domin sahun salla kan rufe tituna kusa da manyan masallatai direbobi su zagaya. Ɗigogin sauka da hawa da suka faɗo cikin mita 40 na juna a haɗe su su zama matsaya ɗaya. Wanda ya bayyana sau ɗaya tak a bar shi, wani ne kawai ya ce a sauke shi a ƙofar gidansu.

Zubi na farko, da inda ya karye

In aka zana Bauchi da ƙa'idar Beck tsantsa, takardar tana fitowa tsaf: cibiya a Wunti, rassa biyar miƙaƙƙu, matsayai a jere da tazara iri ɗaya. A ofis kowa zai yaba. A bakin titi ne take watsewa, ta fuska huɗu.

Fasinjan keke ba a rami yake ba. Idonsa na kan titi, yana ganin kwana, yana ganin gidan mai da gada. In takarda ta nuna hanya miƙe sak amma keken ya sha kwana biyu, wanda bai san gari ba zai ɗauka an kauce da shi, ko ya yanke cewa takardar ƙarya ce ya daina duba ta gaba ɗaya.

Sai batun nisa. Tazara iri ɗaya tana sa matsaya biyu na cikin gari, waɗanda mita 150 ne tsakaninsu, su yi daidai da biyu na hanyar Gubi da kilomitoci suka raba. A Landan sakamakon wannan ɓata mintuna ne. A nan sakamakon biyu ne, kuma dukkansu sun fi zafi: ko mutum ya biya kuɗin keke kan tafiyar minti biyu, ko ya ce ai ga shi nan kusa bari ya taka, ya tsinci kansa a ranar watan Afrilu da kilomita uku a gabansa. Tunda kuɗin keke ciniki ne da ke bin nisa, taswirar da ta ɓoye nisa ta kwance wa baƙo makamin ciniki.

Na uku shi ne jiha, kuma shi masu koyi da Turai suka fi mantawa. Bahaushe da gabas da yamma yake kwatance: ka yi gabas, gidan yana kallon kudu, yamma da masallaci. Ƙa'idar digiri 45 tana iya karkatar da hanya har digiri 22 da rabi daga inda ta dosa a zahiri. In aka ƙara da turawar da ake yi don samar wa sunaye wuri, unguwar da ke kudu maso yamma sai ta koma kudu sak ko yamma sak. Akwai kuma abin lura: alƙibla daga Bauchi tana wajen digiri 65 daga arewa, wato ta karkata arewa da kimanin digiri 25 daga gabas ta kamfas. Da yawan mutane da fuskar masallaci suke gane gabas. In taswira ta ƙara nata karkacen a kan wannan, kwatancen baki da na takarda ba za su taɓa haɗuwa ba.

Na huɗu, rassan suna nuna kamar ba a zuwa daga wannan hanya zuwa waccan sai an shigo tsakiya, alhali akwai hanyoyin da ke ratsawa tsakaninsu, akwai kuma lungunan da ƙafa ke yankewa.

Me ya hana a bi ƙasa sak?

Lissafi ne ya hana. Takardar A3 tana da milimita 420 da 297. In aka cire gefe, saura wajen 400 da 277. A ma'aunin 1:25,000 kilomita ɗaya santimita huɗu ne, takardar za ta ɗauki kilomita goma a tsawo da kusan bakwai a faɗi. Gubi ba za ta shiga ba. In aka sauko zuwa 1:50,000 don a kamo ta, matsaya biyun nan masu mita 150 tsakani sun koma milimita uku, wanda shi ne tsayin harafi ɗaya na ƙaramin rubutu.

Sunaye ma suna cin ƙasa. "Kasuwar Muda Lawal" da rubutu mai lamba 12 tana ɗaukar wajen milimita 38, a ma'aunin 1:25,000 ta rufe kusan kilomita guda. Layukan kansu haka: in hanyoyi huɗu suka haɗu a titi ɗaya, kowanne da kaurin milimita ɗaya da rabi da ratar rabin milimita, sun cinye milimita bakwai da rabi, wato titin ya zama mai faɗin mita 187. Don haka ko taswirar da ake kira mai bin ƙasa tana da inda take ƙarya. Abin da ya rage wa mai zane shi ne ya zaɓi wurin da ƙaryar ba za ta cuci kowa ba, ya kuma rubuta a kan takardar cewa a nan an tsuke.

Zubi na biyu

Shawarar da ta fi dacewa da Bauchi ita ce raba takardar gida uku.

Tsakiyar gari ta zauna a ma'auni ɗaya na gaskiya, 1:25,000 a ta aljihu, 1:15,000 a babbar A1 ta tasha, wadda ke ɗaukar kilomita 12 da takwas. A ƙarƙashin layukan a bar manyan tituna da toka-toka mai haske, da layin dogo, da duwatsu, da ƙofofin gari. Layin dogon da ya iso Bauchi tun 1961 yana yi wa garin aikin da kogi ke yi wa Landan: ko jirgi bai wuce ba, kowa ya san tsallaken da yake. Layukan hanya a sassauta musu ƙananan lanƙwasa, amma duk kwanar da fasinja zai ji a jikinsa a bar ta.

A rubuta iyakar sassaucin tun farko don kada kyan zane ya rinjayi hannu. A tsakiya ba a matsar da matsaya fiye da milimita biyu, wato mita 50 a ƙasa. Ba a sauya jerin matsayai. Ba a tsallakar da komai zuwa ɗaya hannun titi ko na layin dogo. Reshe ba ya kauce wa ainihin jiharsa fiye da digiri goma.

Rassan da suka fita gari su ake tsukewa. A inda tsukewar ta fara a sa alamar yanka a kan layi, a sauya launin bango kaɗan, a rubuta "Daga nan an taƙaita nisa", sannan tsakanin kowace matsaya biyu a sa adadin kilomita. Wanda ke hanyar Gubi ba ya buƙatar siffar kowace kwana, hanya ɗaya ce, abin da yake so ya sani shi ne saura nawa.

Tsohon gari da kasuwanni a fitar da su cikin akwati na dabam a 1:10,000, inda mita 150 ke zama milimita 15, suna ya samu wurin zama. A cikin akwatin ne ake sa layukan ɗigo-ɗigo na tafiyar ƙafa da mintunansu. Lafiyayyen babba yana cin kimanin mita 80 a minti, minti biyar mita 400 ke nan. Ga tsoho, ko mai goyo da kaya a ka, a lissafa da mita 50 zuwa 60. Ya fi kyau a rubuta mita tare da minti, kowa ya auna da ƙafarsa.

Kibiya biyu za a sa a kusurwa, ta arewa da ta alƙibla. A allon tasha kuwa, ƙaramar taswirar unguwa a juya ta yadda saman takarda zai zama inda mai karatu ke fuskanta, kamar yadda allunan masu tafiya a ƙafa na Landan suke tun 2007. Wannan yana nufin kowane allo da nasa bugun, kuma in aka kafa na wannan hannun a wancan, komai ya juye. A rubuta lambar allo da jihar da zai kalla a bayansa kafin a miƙa wa mai walda.

Sunaye

Sunan da direba ke kira shi ne suna. In takarda ta ce sunan titi na hukuma amma kowa a tasha yana cewa Gidan Mai ko Awala, na bakin mutane ne zai zo da babban rubutu, na hukuma a ƙasansa da ƙarami. Wurare biyu suna buƙatar kulawa ta musamman. "Yelwa" ita kaɗai ba ta isa ba, akwai Yelwan Tudu, akwai Yelwan Makaranta. "Jami'a" ma haka, domin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa tana da mazauni a Yelwa tana da wani a Gubi, ɗaya kudu ɗaya arewa. Sabon ɗalibin da ya hau keken da ba nasa ba ya yi asarar kuɗi da rabin yini.

Kada a buga kuɗin hawa a jikin taswira. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya, lambar da ta tsufa kuwa rigima kawai za ta haddasa tsakanin direba da fasinja.

Haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, su ne ke ɓacewa a maɗaba'a. Nau'in rubutu da yawa ba su da su, sai kwamfuta ta aro daga wani nau'in ko ta sa akwati fanko, Ƙofar Ran ta fito babu harafin farko. Noto Sans da Andika suna da su. Kafin a kai fayil bugu a mai da rubutun gaba ɗaya zane, don kwamfutar mai bugu ta rasa abin sauyawa. Sunayen ƙarshen kowane layi da manyan mahaɗai a ƙara su da ajami. Akwai nau'in Alkalami da aka tsara kan hannun allo irin na Kano, wanda ya yi makarantar allo zai karanta ba tangarɗa. Dalilin taƙaita ajamin ga manyan wurare shi ne fili, in aka ninka kowane suna takardar ta shaƙe.

Wanda ido ko ƙafa ba su ba shi dama

Launi kaɗai ba ya ɗaukar saƙo. A cikin Turawa kusan namiji ɗaya cikin goma sha biyu ba ya bambance ja da kore sosai. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma akwai su a kowace tasha, da yawansu ma ba su san suna da lalurar ba. QGIS yana da yanayin duba da ke nuna taswira yadda irin wannan ido ke ganinta, akwai kuma jerin launuka takwas na Okabe da Ito da aka zaɓa don haka. Sai dai a Bauchi akwai abubuwa biyu da suka fi lalurar ido kashe launi. Ɗaya rana ce: a bugun fileks ja da rawaya ke fara koɗewa, shuɗi ya rage, layuka biyu su koma iri ɗaya. Ɗaya kuma shagon fotokwafi ne, domin da zarar taswira ta yi amfani za a riƙa kwafarta baƙi da fari. Maganin duka ɗaya ne: kowane layi ya kasance da lamba babba da ake maimaitawa a jikinsa duk bayan santimita biyar ko shida, da sunan ƙarshensa, sannan layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa su bambanta a duhu ko a tsari, wannan a cike, wancan da farin zare a tsakiya. A kwafi samfurin, a kwafi kwafin. In har yanzu ana bin layi da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, ya ci jarrabawa.

Rubutu kada ya gaza lamba 12 a ta hannu, mai manyan haruffa kuma 16 zuwa 18. Bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai huɗu da rabi bisa ɗaya. Rawaya a kan fari ba ya kaiwa, komai kyansa a allon kwamfuta. Allon tasha a kafa shi yadda abin karantawa zai faɗo tsakanin santimita 90 da 180 daga ƙasa, don na zaune a keken guragu da yaro su gani, kuma kada a rufe shi da gilashi mai ƙyalli.

Alamar keken guragu ita ce wurin da aka fi yin ƙarya da kyakkyawar niyya. Landan ta raba tata gida biyu: shuɗin da'ira na nufin babu matakala daga titi har cikin jirgi, fari kuma daga titi zuwa dandamali kawai. Sun raba ne domin rabin gaskiya a nan tana barin mutum a tsaye a inda ba gaba ba baya. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-gine da sufuri, amma taswira abin da ke ƙasa take faɗa, ba abin da doka ta ce a yi ba. Keke Napep ba shi da gangara, ba shi da wurin ɗaure kujera. Don haka ba abin hawan za a yi wa alama ba, matsayar ce.

Mai awo ya je da tef ya rubuta abu biyar: faɗin kwatar da ke tsakanin titi da bakin hanya, ko tana da murfi, tsayin dakalin titi, ko ƙasan kwalta ce ko yashi, da ko akwai inuwa. Mashiga ta kai santimita 90, gangara kada ta fi ɗaya bisa goma sha biyu, wato dakali mai santimita 15 yana buƙatar gangara mai mita ɗaya da santimita 80. A tuna cewa keken da guragunmu suka fi amfani da shi mai ƙafa uku ne da ake tuƙawa da hannu, ya fi kujerar asibiti tsawo, yana buƙatar fili kafin ya juya. Matsayar da ta cika sharuɗɗa ta sami cikakkiyar alama, wadda sai da taimako ta sami rabin alama, wadda ba a auna ba a bar ta fanko, kada a yi mata zato. A sake awon a watan Agusta, domin wurin da ke lafiya a rani yana iya zama tafki da damina.

Ga makafi, ba a mai da taswirar masu ido mai tudu a ce an gama. Yatsa ba ya rarrabe layuka biyu in ratar da ke tsakaninsu ba ta kai milimita uku ba, harafin Burail, rubutun makafi, kuma ba ya ƙanƙancewa, kowanne na cin wajen milimita shida. "Kasuwar Muda Lawal" kaɗai za ta kai santimita 11. Sai a yi kowane reshe a takardarsa, a taƙaita suna zuwa harafi biyu, a ba da fassara a shafi na gaba. Tunda makafi da yawa ba su yi karatun Burail ba, abin da zai fi isa gare su shi ne sauti: kowane layi da saƙon murya guda da Hausa, ana jero matsayai bi da bi, ana faɗin hannun da za a sauka da abin da ke gaban ƙafa, wanda za a iya turawa ta WhatsApp.

Gwaji da riƙo

Kada a tambayi kowa ko taswirar ta yi kyau. Amsar ita ce "Ma sha Allah, ta yi," ko da bai gane komai ba. A ba shi aiki: "Baba, ga ka a Muda Lawal, jikarka tana asibitin koyarwa, nuna mini da yatsa yadda za ka je." A yi shiru a kalli inda yatsan ya tsaya, inda ya juya takardar, da ko ya ce zai taka ko zai hau. A gwada da ɗalibi baƙo, da tsohuwar da ba ta yi boko ba, da mai keken guragu, da direban da ya shekara goma a kan hanyar. Direban ne zai kama sunan da ba a faɗa da matsayar da aka tasa. In mutum uku suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, zanen ne da laifi.

Akwai abin da takarda ba za ta warware ba. Keke ba jirgi ba ne: in aka yi shatarsa ya bar layi, in fasinja sun yi ƙaranci direba ya juya a rabin hanya. Abin da za a iya yi shi ne bambanta hanyar da ake samun abin hawa koyaushe, a zana ta da cikakken layi, da wadda sai an dace ko sai da rana, a zana ta a yanke-yanke.

Kowane bugu ya ɗauki wata da shekararsa a fili. Fayil ɗin QGIS ya zauna da shimfiɗu a rarrabe, tituna dabam, layuka dabam, matsayai da awonsu dabam, don gyaran matsaya ɗaya kada ya zama sake zane. In an ɗauko titunan daga OpenStreetMap, taswirar kyauta ta intanet, lasisinsa ya wajabta a rubuta hakan a jikin takarda. Allon tasha a buga shi a kan sitika da za a ɓare a sauya, ba fenti a kan ƙarfe ba, a kuma ware kuɗin bugu na biyu tun a kasafin farko, domin aikin titi ɗaya a Wunti ya isa ya sauya hanyar layuka uku kafin shekara ta zagayo.